Ranar da Baba Iro Ya Zare Jar Waya

Ku samarin da kuke zuwa shagona a Kankara da waya a hannu, kuna ce mini kun kalli yadda ake gwama suwic a bidiyo kun iya, ina jin ku. Kallon kitse kuke yi wa rogo. Mai bidiyon nan a ɗaki mai sanyi yake, wutarsa ba ta ɗaukewa, kuma ba wanda ya taɓa tsaya masa a ka da bindigar toka yana tambayarsa da wa akwatin nan yake magana. Ni an tsaya mini. Saboda haka idan na ce ku zauna ku saurara, ba son surutu ne ya yi mini yawa ba, ko da yake uwargidana ba za ta ba da wannan shaidar ba.

Bari in fara da abin da kuke ganin kun sani. Suwic akwatin ƙarfe ne mai jerin kafofi a gaba. Kowace kwamfuta da ke ɗaki tana turo wayarta ta shiga kafa ɗaya, ta nan suke jin juna. Idan kwamfutocin suka fi ƙarfin akwati ɗaya, sai a ƙaro na biyu da na uku, a ɗora su bisa juna, a gwama su su zama abu guda. Mu a sana'a sitakin muke cewa. Kamar gandu ne, ƙanne suna noma amma bakin babban wa ne yake magana. Kai za ka zaɓi babban, ka ba shi lamba mafi girma, ka naɗa mai bi masa. Idan ka bar su su zaɓa da kansu, wata rana wuta za ta ɗauke ta dawo ka tarar da sabon maigida.

Aikin farko da na ga an yi haka, wata cibiyar jarrabawa ta kwamfuta ce a nan garin, ina bin maigidana Malam Hadi da jaka. Allah ya jiƙansa, mutum ne da bai yarda da kowa ba, har da testarsa, na'urar gwada lafiyar waya. Sai ya gwada waya da ita, sannan ya ɗauko wata wayar da ya san lafiyarta ya gwada testar. Shi ya nuna mini cewa irin waɗannan akwatuna ba a ware musu kafa guda don gwami. Kafofin rukuni-rukuni suke, huɗu-huɗu. Da zarar ka ɗauki rukuni ka ce wannan na sitakin ne, duka huɗun sun tashi daga aikin kwamfuta, ko da biyu kawai za ka mora. Sauran biyun haka za su zauna fayau, ka sa musu wayar kwamfuta su yi maka shiru. Ga kuma tarkon da yake kama masu rawar kai: kafofi daga ɗaya ake ƙirga su, rukuni kuwa daga sifili. Mai gaggawa sai ya ƙirga da yatsa, ya ba da rukunin maƙwabta, ya adana, ya sake kunna akwatin, ya ga wayar saba ta mutu, ashe kafarta ya sadaukar bai sani ba. Saba ita ce babbar kwamfutar da tambayoyin jarrabawa suke ciki, to ku auna da kanku irin kallon da mai cibiya zai yi masa.

Kayan aikin da na gada daga wurinsa ba su cika jaka ba. Tsohuwar laftof, shuɗin kebul da nake shiga cikin akwatin da shi in ba shi umarni, filayar matse kan waya, testa, da jajayen wayoyi gajeru. Jar waya ta gwami ce kawai, ba a sa ta a wani wuri, don ko makaho ya laluba ya ji gajartarta ya san ba ta kwamfuta ba ce. Malam Hadi kuma bai taɓa barin gwami a miƙe ba. Na ɗaya zuwa na biyu, na biyu zuwa na uku, na uku ya koma wa na ɗaya. Zobe ke nan. Idan ɓera ya ci waya ɗaya, sai maganar ta juya ta bi ɗaya gefen, ɗaliban da ke rubutu ba za su ma san an yi wani abu ba.

Baƙin tef ɗin masu gyaran wuta kuwa, wani ƙaramin asibiti a Sabuwa ne ya sa na ƙara shi a jaka. Na gama musu aiki lafiya, bayan kwana biyu aka kira ni wai na ɓata musu firinta. Na tambaya ko an taɓa wani abu. Kowa ya rantse ba wanda ya taɓa. Ku riƙe wannan: a duk shekarun da na yi a sana'ar nan, ban taɓa zuwa inda aka taɓa ba. Wayoyi da kansu suke tashi su canza wuri. Na duba na tarar akawu ya ga kafofi biyu a sarari a gefen jar waya, ya ga kamar ɓarna ce a bar su haka, ya mayar da wayar firinta can don ta fi masa kusa. Shi yana zargina da barin aibi da gangan don a riƙa nemana, ni ina kallonsa ina ganin ƙurar akwatin a hannun rigarsa. Tun daga ranar nake rufe kafofin da na ware da baƙin tef.

Sai shekarar da aka yanke sabis ta zo. Wasunku kuna makaranta lokacin, amma kun tuna. Saboda 'yan bindiga aka kashe layukan waya a yankinmu gaba ɗaya, aka rufe kasuwanni, mutum sai ya hau tudu ko ya yi doguwar tafiya kafin ya ji muryar ɗan'uwansa. Mu masu aikin waya muka zama kamar masunta a ƙafaffen tafki. Na koma gyaran fitilar caji da rediyo a bakin shago. Abin da ya fi rashin aikin muni shi ne yadda ido ya canza. An yanke sabis ne don a toshe bakin masu kai wa mutanen daji labari, waɗanda ake kira infoma, don haka duk mai yawo da na'ura ya zama abin kallo. Wanda aka liƙa wa wannan suna kuwa ba a kai shi gaban alƙali. Kowa ya san inda ake kai shi, kuma ba a dawowa.

A cikin wannan hali Alhaji Lawal ya zo har shago da ƙafarsa, tunda babu wayar da zai kira. Yana da makarantar kuɗi a wani gari gaba da Mairuwa, ta ɓangaren Faskari, ba zan kama sunan garin ba. Ɗalibansa na ajin ƙarshe za su zauna jarrabawar kwamfuta, yawancinsu ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Ya sayi kwamfutoci da akwatuna uku tun kafin a yanke sabis, yana so a haɗa masa su yaran su riƙa gwaji. Aikin ba ya bukatar sabis ko kaɗan, duk maganar a cikin ɗaki za ta tsaya. Uwargida ta ce kada in je. Na ce mata tukunyarta ce ta aike ni.

A hanya an buɗe jakata a kowane shinge, ana ɗaga shuɗin kebul ana jujjuya shi kamar maciji. Da na isa na tarar garin yana cikin makoki. Ba a daɗe ba da mutanen daji suka shigo, kuma ba su yi lalube ba, kai tsaye suka nufi gidajen waɗanda suka sayar da masara. Kowa ya san wani ne ya nuna. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, ni kuwa ga ni baƙo da jaka cike da wayoyi. Idan na zauna wurin mai shayi sai hira ta mutu. Ni ma ban raga musu ba a zuciyata. Mai shayin ya cika tambayar yaushe zan gama, maigadin makaranta ya cika leƙe ta taga, shi kansa Alhaji Lawal na lura ba ya son a gan shi yana tafiya tare da ni a kan titi.

Aikin dai na yi shi yadda aka koya mini. Na kunna akwatunan ɗaya bayan ɗaya, kowanne shi kaɗai, na tabbatar manhajar cikinsu iri ɗaya ce, don idan ta bambanta ba sa yarda da juna. Na ware wa kowanne rukunin ƙarshe, na duba lambar rukunin da idona a allo maimakon yatsa, na adana. Na kashe su duka, na ɗaura jajayen wayoyi uku suka yi zobe, na kunna babban, na bar shi ya zauna da gindinsa, sannan na tashi ƙannen. Kafofin da suka rage na rufe su da tef. Wutar sola ta makarantar ta riƙe, fitilu suka kama ƙyaftawa kore shar. Na ji daɗin aikin nan ƙwarai, ban ɓoye ba.

Ranar gwaji, bayan Azahar, ɗalibai sun cika ɗaki suna fama da linzami, sai hasken ƙofa ya ragu. Baba Iro ne, shugaban 'yan sa-kan garin, tsohon maharbi, da mutanensa a baya. An riga an gaya mini babban ɗansa yana cikin waɗanda aka kashe a harin. Ya yi sallama, ya gaishe ni a tsanake har da tambayar mutanen gida, abin da ya fi tayar mini da hankali fiye da tsawa. Sannan ya ciro wayarsa daga aljihu ya ajiye a bisa teburi.

Ya ce, "Malam, an yanke sabis ƙasar ga duka. Ga tawa nan, ta zama dutse. To wanga akwati naka da wa yake magana, da yake ta ƙyafta ido haka?"

Na ce da junansu suke magana, Baba, da kwamfutocin yaran nan, ba ya wuce bangon ɗakin nan. Na juya wurin Alhaji Lawal don ya sa baki. Mutumin da ya taka har Kankara ya ɗauko ni, sai ya sunkuyar da kai ya ce shi dai aiki ya ba ni, bai san cikin abin ba. Raina ya ɓaci, amma ba ranar fushi ba ce.

Idon maharbi ba ya wuce abin da aka rufe. Baba Iro ya nuna tef ɗin ya ce a ɓare. Na ɓare. Wani cikin mutanensa da ya taɓa zama a shagon kwamfuta ya zare wayar kwamfutar wata ɗaliba ya cusa a ɗaya daga cikin kafofin da na ɓare, kwamfutarta ta tsaya cik. Ya mayar inda take, ta ci gaba. Baba Iro ya tambaya ko kafofin sun lalace ne. Na ce lafiyarsu lau, ware su na yi. Ya ce na ware wa wa. Na shiga bayanin huɗu-huɗu, ina jin muryata tana yi mini kama da ta mai ƙarya. A kunnensu abin da na faɗa ɗaya ne: akwai ƙofofi a jikin akwatin da ba sa buɗe wa kowa, kuma ni na rufe su da hannuna.

Don in fitar da kaina, sai na nuna jajayen wayoyin, na ce duk maganar da akwatunan suke yi da juna ta nan take bi, babu wata hanya. Ya dube su, ya dube ni.

Ya ce, "Ke nan in na zare ta, magana ta yanke?"

Nan na gane ramin da na haƙa. Na buɗe baki zan yi bayanin zobe, hannunsa ya riga ni. Ya zare jar waya ɗaya ya ɗaga ta sama.

Ba abin da ya faru. Yara suka ci gaba da danne-dannensu, fitilu suna ta ƙyaftawa. Aikin da Malam Hadi ya koya mini ya yi daidai abin da aka gina shi ya yi, a ranar da na fi bukatar ya gaza. Na ji wani ya matsa ya tare ƙofa. Aka ce malamin aji ya fitar da 'yan mata waje. Baba Iro ya ce a bar kowa inda yake.

Ya ce, "Kai ka hwaɗi da bakinka ta nan suke magana. Na yanke, ba su yi shiru ba. Ina ɗayar hanyar?"

Tsoro ya kama ni. Na roƙe shi ya zare ta biyu ya gani. Ya ce don mi nake son ya zare wadda na nuna. Ya sa na ja da baya na jingina da bango, aka rufe laftof ɗina, aka ce kada in ƙara taɓa komai. Sannan ya durƙusa a gaban akwatunan, dattijo da shi, ya ɗora yatsa a kan jar waya ya bi ta kamar mai bin sawu. Daga na sama zuwa na tsakiya. Ya kama ɗayar, daga na tsakiya zuwa na ƙasa. Ya ɗauko wadda ya zare ya gwada tsawonta, ya ga daga na ƙasa take komawa na sama. Ya daɗe a durƙushe yana kallo.

Can ya ce, kamar da kansa yake, "Gahiya ke nan. Rami guda, ƙohwa biyu."

Ban san ko fahimta ce ko tuhuma ba, don wanda ya san gafiya ya san kuma dalilin da take yin ƙofa ta biyu. Ya zaɓi wadda ya ga dama ya zare. Nan take layin ɗaliban da ke gefen taga suka ɗaga hannu, kwamfutocinsu sun tsaya. Ban taɓa jin daɗin lalacewar aikina ba sai ranar. Ya zare ta ukun, na tsakiya ma suka tsaya. Saura layi ɗaya da suke kan akwatin da wayar saba take. Ya bi wannan wayar ma da yatsa har ƙarƙashin teburi, ya ga a jikin saba ta ƙare. Bai tsaya nan ba. Ya fita ya zagaya ginin, ya sa aka hau rufin kwano aka duba ko akwai sanda ko wata waya da ta fita. Ba a ga komai ba sai farantan sola da kashin tantabaru.

Da ya dawo ya ce bai ga hanyar waje ba, amma bai ce babu ba. Ya miƙo mini jajayen wayoyi biyu, ta ukun ya naɗe ta ya sa a aljihu tare da wayar hannunsa. Ya ce in mayar da aikin da hanya guda, wadda in sun yanke ta yanke. Na ce Baba, ta ukun nan saboda ɓera ce, in ya ci ɗaya rabin ɗaki zai tsaya.

Ya ce, "Ɓera ya ci waya, ɗiya su huta yini guda. Ni ɗana na binne."

A gabansu na kashe akwatunan, na ɗaura biyun a miƙe, na kunna babban, na tashi ƙannen. Shi ne aiki mafi rauni da na taɓa bari a bayana, kuma da ya ce in bar shi ba waya ko ɗaya, da haka zan yi. Don haka idan kuka je garin da ake zaman ɗar-ɗar, kafin ku rufe zobe ku kira mai wuri da dattawan unguwa, ku zare waya da hannunku a gabansu, ku faɗi abin da zai faru tun bai faru ba. Bayanin da aka yi kafin tambaya ilimi ne, wanda aka yi bayanta kuwa kame-kame ake ɗaukarsa.

Muna gamawa aka kira La'asar. Labari ya riga ni isa masallaci. Na shiga sahu na biyu na tsaya, sai na ga na damana ya ɗan matsa, na haguna ma ya matsa, har aka bar mini fili ta kowane gefe wanda mutum zai shiga. Liman ya juyo ya ce a daidaita sahu, a cike gurbi. Ba wanda ya motsa. Alhaji Lawal yana sahun gaba, ƙeyarsa kawai nake gani. Na taɓa jin kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin ta wannan tsayuwar ba.

Sai na ji an ratso sahu daga baya. Baba Iro ne, ya bar bindigarsa a hannun wani a waje. Ya shiga damana, ya haɗa kafaɗarsa da tawa, ya tura ni a hankali har na manne da na haguna. Aka ta da salla. Bayan sallama ya ba ni hannu, bai saki da wuri ba.

Ya ce, "Motar Kankara tana tashi kahin Magariba. Ɗauko jakarka, ni zan kai ka tasha."

Ya kai ni, yana gefena har bakin mota, ba wanda ya ce mini uffan a hanya. Ya tsaya har direba ya tayar, yana nan tsaye har muka sha kwana. Shekaru sun wuce, an dawo da sabis, na ji ma Allah ya yi masa rasuwa. Har yau ban sani ba ko rakiya ya yi mini ko kora.